Kuɗin biɗa da gidan haya: a ina ya kamata ɗan Adar ya saya?

Kowace shekara, da an gama yankan hatsi an zuba a rumbu, sai motoci su shiga kwasar samarin Adar zuwa biɗa. Wasu su nufi Abijan, wasu Libiya, wasu Nijeriya ko Kamaru, wasu har Gabon. Jahar Tawa ta daɗe da yin suna a wannan fanni cikin ƙasarmu, kuma da wuya ka shiga gida a Tebaram, Bambay, Takanamat ko Afala ba ka tarar da mai ɗa ko ƙane a waje ba. A zamanin iyayenmu, wanda Allah ya buɗa masa a can, in ya komo, dabbobi yake saye. Amma farin 1973 da na 1984 sun nuna wa mutane cewa garken da aka tara cikin shekara goma yana iya ƙarewa cikin rani guda. Tun daga nan hankali ya fara komawa ga gini, domin gida ba ya cin ciyawa, ba ya jin ƙishirwa, kuma in an sa shi haya yana kawo ɗan abin cefane kowane ƙarshen wata.

Wannan tunani daidai ne. Inda ake kuskure shi ne wajen zaɓen wuri, kuma mafarin kuskuren guda ne: mai saye yakan duba gidan da idon wanda zai zauna ciki, alhali kuwa ba shi zai zauna ba. Gidan haya na ɗan haya ne. Kafin a tambayi kuɗin gida, ko yawan ɗakunansa, ko kaurin bangonsa, sai a fara tambaya: wane ne zai shiga nan, daga ina yake samun kuɗinsa, kuma ina yake zuwa kowace safiya?

Mu ɗauki garin Tebaram kansa, can yamma da Tawa. Mutumin da ya yi shekaru a baƙon wuri, ba abin da ransa ke so kamar ya ga gininsa na siminti tsaye a garinsu, kusa da gidan mahaifinsa, kowa ya wuce ya ce na wane ne. Ba mu ga laifin wannan ba in gidan zama ne. Amma in na haya ne, sai a ƙidaya masu hayar. A ƙauye kusan kowa yana da gidan gado, baƙon kwana biyu kuwa mai masauki ke karɓarsa, kuma kunya ce a ce masa ya biya. Masu biyan haya ba su wuce malaman lakkwal, ma'aikatan gidan likita da na ofishin magajin gari ba, sai ɗan ma'aikacin poroje da ke zuwa ya koma. Ga irin waɗannan, ɗaki biyu masu tsabta da makewayi kusa da wurin aikinsu sun wadatar, kuma wanda ya tanadi haka ba zai yi hasara ba. Amma wanda ya zuba miliyoyi ya jera ɗakuna takwas, zai daɗe yana jira da makullai a aljihu.

Ga kuma wata magana da ba a so a faɗa amma ba ta ɓoyuwa. Rashin kwanciyar hankali a arewa da yammacin jahar, wanda duniya ta ji labarinsa a watan Maris na 2021 lokacin da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, ya sa iyalai da yawa sun matso cikin manyan garuruwa, ma'aikata kuma ba su cika kai iyalinsu nesa da birni ba. Mai neman wurin da kuɗinsa zai zauna dole ya sa wannan cikin lissafi.

Saboda haka mafi yawa Tawa suke nufa, kuma suna da hujja. Ƙidayar jama'a ta 1977 ta sami kimanin mutum dubu 31 a birnin. Ta 2012 ta sami fiye da dubu 117. Nan ne mazaunin gwamna da ofisoshin jaha, nan babban asibitin jaha yake, da makarantar horon malamai ta Kawsan, da babbar kasuwa mai ci ranar Lahadi, kuma ta nan hanyar kwalta ke wucewa daga Tsarnawa zuwa Agadas da Arlit. A 2010 aka kafa jami'a, wadda a yau ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin nan da ya rubuta tarihin Adar. A 2017 kuma, sa'ad da birnin ya karɓi bukin 18 ga Disamba da aka kira Tawa Sakola, an shimfiɗa sababbin hanyoyi, an yi gine-gine, har wasu wuraren da dā ake ganin bayan gari ne suka zama cikin gari. Masu neman ɗaki suna nan, ba shakka.

Sai dai ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da inda yake so. Ɗalibi yana son ɗaki guda mai araha wanda zai iya takawa da ƙafa daga cikinsa zuwa aji; amma mai gida ya tuna cewa da babban hutu ɗalibi yakan tafi garinsu, kuma ba kowa ke biyan watannin da bai kwana ba. Ma'aikacin gwamnati mai iyali yana son ciki da falo, da bango mai tsare mutuncin matarsa, da lakkwal kusa saboda yara. Shi ne ɗan hayar da ya fi tsayawa kan biya, tun da albashinsa na wata-wata ne, amma takardar canjin wurin aiki tana iya ɗauke shi a farkon shekarar karatu. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu suna son kusa da kasuwa da tasha, ba ruwansu da hayaniya. Duk wanda ka nisanta da inda yake zuwa, ka ɗora masa kuɗin kabu-kabu safe da yamma, kuma wannan kuɗi daga cikin hayarka zai cire shi, ko ya nemi ragi ko ya tashi.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na allo, da alƙaluman misali kawai. A ce ga gida mai ɗaki huɗu can ƙarshen gari, miliyan 5, kowane ɗaki jika 10 a wata, amma saboda nisa biyu kaɗai ke samun mutane. A shekara mai gida ya karɓi jika 240, kuɗinsa ba za su komo ba sai bayan shekara 20 da ɗoriya. Ga wani kuma mai ɗaki huɗu kusa da wuraren aiki, miliyan 8, kowane ɗaki jika 15, kuma ko an cire wata guda na zaman banza tsakanin mai fita da mai shiga, ya karɓi jika 660 a shekara. Cikin shekara 12 da ƴan watanni ya maida uwar kuɗi. Na farkon ne mai araha a bakin dillali, amma Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado.

Yanzu sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi cin mutane, ta fuska biyu.

Fuska ta farko ruwan sama ne. Ƙasar Adar ta duwatsu ce da fako da kwaruruka. Ruwan da ke sauka a shekara ba shi da yawa in an gwada da na kudu, amma yakan zo da ƙarfi cikin sa'a guda, bai samu inda zai nutse ba, sai ya gangaro ya bi hanyarsa ta tun kaka da kakanni, ko an yi gini a kai ko ba a yi ba. Ɗan biɗa kuwa yakan yi cinikinsa da rani, ko ma ta waya daga can inda yake, lokacin da kowane fili ya bushe ya yi kyau. Wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya yi shekara tara a Abijan yana tura amalanke kafin ya samu ɗan tebur. Ya sayi gida mai ɗaki huɗu a watan Janairu, ginin laka da shafen siminti, ya zo mini da takardun yana murna, ya ce: "Yaya, duba mini Faransancin nan, ko da abin da ban gane ba." Na duba, takardu lafiya lau. Abin da ni da shi ba mu duba ba shi ne ƙasar. A watan Agusta ruwa ya kwana uku a tsakar gidan, bangon makewayi ya zube, gindin ɗakuna ya jiƙe ya fara fashewa, masu haya suka ɗauki katifunsu suka tafi ba sallama. Abin da ya samu na wata shida bai kai kuɗin gyara ba. Har yau in na tuna ina jin nauyin abin, domin ni ya amince wa, ni kuwa takarda kaɗai na iya karantawa.

Daminar 2024 ta ƙara tuna mana wannan, lokacin da ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ta kuma shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, mafi yawa ta hanyar rushewar gidajen laka. Don haka wanda zai saya ya jinkirta ya ga wurin da damina, gari na wayewa bayan an kwana ana ruwa. Gani ya kori ji. In ba zai yiwu ba, ya duba gindin bangayen maƙwabta, ruwa yakan bar zanensa a jiki. Ya duba ko mutanen layin sun ɗaga dokin ƙofarsu, ko sun jera buhunan yashi. Ya tambayi tsofaffin wurin abin da filin yake kafin a yanka shi, gona ce, ko fadama, ko ramin da ake ɗibar laka aka cike da shara. Ko sunayen wurare suna magana ga mai saurare. Mutanen dā ba su ce Tudun Adum ko Geben Zogi a banza ba, kuma kowa a Tawa ya san inda tabkin Babaye yake kwance. Ba mu ce suna shi ke yanke wa unguwa hukunci ba, a unguwa guda akwai layi mai tudu da layi mai kwari. Amma suna yana gaya maka tambayar da za ka yi.

Fuska ta biyu ruwan sha ne. A Adar ruwa yana da zurfi ƙwarai, ba kowa ke iya haƙa rijiya a gidansa ya samu ba, saboda haka birni ya dogara ga pampo. Ganin kan pampo a tsakar gida bai isa ba. A je a watan Afrilu ko Mayu, da tsakar rana, a murɗa a gani. A tambayi matan maƙwabta ƙarfe nawa ruwa ke zuwa, da nawa ƴan garuwa ke sayar da bido. Tun farkon 2024 kamfanin NDE ne ke rarraba ruwan birane a madadin SEEN; a wurinsu da wurin NIGELEC ake binciken ko bututu da turakun kuran sun iso layin, da ko tsohon mai gida bai bar bashi bisa kwantar ba. Alkawarin dillali cewa "an kusa kawowa" ba ya cika tulu.

Game da takardu, wuri ma yana da nasa hukunci. A cikin gari, inda aka yi lotisma, parsel yana da lamba da turakun iyaka, kuma ana neman takardar mallaka da meri ta bayar, wadda ta fi ta ƙarfi kuwa ita ce titir fonsiye. A kai lambar ofishin filaye na meri a tabbatar sunan mai sayarwa ne ke rubuce, kuma filin ba hanya ba ne, ba wanda aka keɓe don makaranta ko kasuwa ba. A karkara kuwa, tun dokar ƙasar noma da kiwo ta watan Maris 1993, akwai kwamitocin filaye a ƙauye, a komin da gunduma, waɗanda ke ba da shaidar saye tare da sanin mai gari. Haɗari ya fi yawa a tsakanin biyun, wato gonakin bakin birni da ake yankawa ana sayarwa kafin hukuma ta tsara su. Ranar da tsari ya iso, hanya tana iya bi ta tsakiyar ɗakinka. Gidan gado kuma, kada a biya sai dukan magada sun sa hannu gaban shaidu, har da wanda ke Libiya.

Abu na ƙarshe da ɗan biɗa ke mantawa shi ne shi ba mazauni ba ne. Bayan salla zai koma, gidan ya rage hannun wani. Wane ne zai karɓi haya, ya kira mai gyaran rufi kafin ruwan farko, ya sa a yashe masai, ya raba faɗan kuɗin kuran tsakanin masu haya? In wakilinka yana Tebaram, gidan yana Tawa, kowace tafiya tana cin kuɗin mota da yini guda, kuma da sannu zai daina zuwa. Ƙanen nan nawa, da ya sayar da gidan kwarin da ragi, ɗaki biyu kawai kuɗin suka iya saya masa, a kan tudu, layi uku daga gidan gwaggonmu. Ita ke karɓar hayar ranar biyar ga wata, ta ƙulle a bakin zane, ta kai wa jikarta mai zuwa ajin yaƙi da jahilci ta rubuta a littafi.