Bayani Kan Zaɓen Taya Da Wili Domin Bazara Da Damina

  

Shafin ga an saba ganin farashin gero da dawa da shinkafa da albasa cikinsa. Yau maganar taya za mu yi, don kuwa buhu ba ya kai kansa kasuwa. Abin ya shafi mai mota, ya shafi mai haya. In taya ta fashe tsakanin Koko da Yauri da lodin albasar Aliero cikin watan Afrilu, direba zai kwana a hanya, albasar mai kaya kuwa tana can tana dahuwa cikin buhu. In abin ya zo da ƙarar kwana, a rasa dukiya a rasa rai. Masu ɗorin Aliero sun san yawan waɗanda ake kawo musu daga kan kwalta.

Fasali na farko: tayar sanyi da tayar zafi

Ku sani, a ƙasashen Turai masu ƙanƙara, irin su Jamus da Ostiriya da Suwidin, mai mota yakan aje taya kashi biyu. Kashi ɗaya na lokacin zafinsu, kashi ɗaya na lokacin sanyi, yana canzawa sau biyu a shekara. A Jamus tun 2010 doka ta hana hawa hanya mai ƙanƙara sai da tayar sanyi. Ita tayar sanyi da roba mai taushi anka yi ta, don kada ta sandare in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, kuma an tsattsaga haƙoranta da ƙananan tsagu masu yawa don ta kama ƙanƙara. Da zarar zurfin zanenta ya sauka wajen milimita 4, ta daina yi musu aiki, sai su cire ta.

To ina take zuwa? Wajenmu. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya da tasa ta Ikko a 2008, tun daga nan taya ta zama kayan waje. Sabuwa ta yi tsada, sai tayar gwanjo da ake ce wa Beljiyam ta cika kasuwa, ko da yake kwastan sun daɗe da sanya tsohuwar taya cikin jerin kayan da anka hana shigowa da su. Cikin tulin nan akwai tayar sanyi, kuma ita ce ta fi ɗaukar ido, don haƙoranta da saura, in ka danna da yatsa ka ji laushi. Mai saye ya ce ya yi dace.

Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa. Robar da anka yi don ƙanƙara in ta hau wagga kwalta sai ta ƙara saki, ta riƙa cinyewa da sauri, mota ta riƙa lilo a kwana, birki kuma ba ya kamawa da wuri. Ɗarinmu ma ba ya isarta, don kafin hantsi ya ɗaga sanyin ya tafi. Ba ta da wata ko ɗaya a shekararmu.

Ga yadda ake gane ta. A gefenta akwai hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Sau da yawa za a ga an rubuta Winter ko Snow ko Ice, ko sunaye irin Alpin da Blizzak. In ka haɗa wannan da yawan ƙananan tsagu a haƙori, ka aje ta. Amma haruffan M+S su kaɗai ba su isa hujja ba, don ana sa su ga tayar taɓo ma, wadda ke da amfani gare mu.

Fasali na biyu: karatun gefen taya

Ba a sayen hatsi da kallon bakin buhu, sai an soka an ga na ciki. Haka taya, asirinta duk a gefenta yake rubuce. Wanda bai iya boko ba, lamba dai kowa ya san ta, haruffan kuma ya tafi da yaro ɗan makaranta.

Abu na farko shekaru. Nemi layin da ya fara da DOT, ka dubi lamba huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta mako na 23 cikin 2019. In lamba uku ce kawai, kafin shekarar 2000 anka yi ta, ta dace da yin takalmi ko guga. Wani lokaci gefe ɗaya kawai ake bugawa, sai ka juya. In ka ga wurin an goge ko an kankare, wanga shi ne amsarka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha faɗin cewa kada taya ta wuce shekara 4 daga ranar yinta. Masu ƙera ta kuwa sun ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce 10 ko da haƙoranta na nan. Ga mai lodi cikin zafinmu, ƙaramin lissafin ya fi kusa da lafiya, don roba na tsufa ko ba a hau ta ba.

Abu na biyu girma. In an rubuta 195/65 R15, faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 15. Girman da ya dace da motarka yana nan a ɗan allo jikin ƙofar direba. Kada a haɗa girma biyu ko zane biyu a layi ɗaya, hagu da dama su zama tagwaye.

Abu na uku, wanda ya fi shafar mu, shi ne lambar nauyi, tana biye da girman. Lamba 91 kilo 615 take ɗauka, lamba 100 kilo 800, lamba 106 kilo 950. Mu lissafa. Ƙaramar mota mai taya 91, na baya guda biyu kilo 1,230 ne iyakarsu. Ka cire kujera ka jera buhun gero 10, kowane kilo 100, ga kilo 1,000, kuma kusan duka a baya yake zaune. Ka ƙara nauyin bayan motar kanta, da ƙaren mota a bisa kaya. An wuce iyaka tun ba a bar tasha ba. Motar kaya, irin a-kori-kura da J5, tayar kaya take so, mai harafin C ko LT, kamar 195 R14C mai 8PR. Amma a lura, ƙarfin taya ba ya ƙara wa sifirin da birki ƙarfi.

Abu na huɗu, tayar ƙananan motoci da yawa na da kalmar Temperature da harafi a gabanta, wato juriyar zafi. A ta fi, sai B, sai C a ƙarshe. Mu nan A ko B.

Fasali na uku: bazara da maganar iska

Akwai al'adar da ta yaɗu a tashoshi: in zafi ya yi, sai a rage wa taya iska wai kada ta fashe. Wanga shi ke fasa ta. Tayar da iskarta ta yi kaɗan, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi, awa wayar da kake lanƙwasawa gaba da baya har ta yi zafi ta tsinke. Haka zaren ciki ke yi, ya yi zafi, ya rabu da roba. Ka haɗa ƙarancin iska da lodi da gudu da rana tsaka, ka haɗa abokan fashewa huɗu.

Ana auna iska da safe ne, taya na sanyi, kafin a yi tafiya. In an yi tafiya lambar geji takan hau da huɗu ko biyar, kuma masu ƙera ta sun san da haka, kada a sace komai. Ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 suke, allon ƙofa zai faɗa maka, har da na ranar lodi. Tayar kaya mai 8PR kuwa ba ta ɗaukar cikakken nauyinta sai iska ta kai wajen 65. Gejin mai faci yana faɗuwa ƙasa kullum, bugun taya da ƙarfe kuma ba awo ba ne. Ka sayi naka geji, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Wuri ɗaya ne rage iska ke da amfani, shi ne rairayi mai zurfi, in an shiga ƙauye ɗaukar hatsi da kaka. Sharaɗin shi ne a tafi sannu, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Da ɗari kuma iska takan sauka da kanta, a ƙara yawan awo.

Mai tafiya Ikko ko Anacha da albasa, in da hali ya kauce wa gudu tsakanin azahar da la'asar. In ya tsaya salla ya zagaya ya duba, ya taɓa. Tayar da ta fi 'yan'uwanta zafi tana da magana.

Fasali na huɗu: damina

Da damina zane ne ke aiki. Ramukan nan na taya magudanai ne, su ke fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. In ta suɗe, ruwa ya rasa hanya, sai ta hau bisa ruwan tana sulɓi, sitiyari da birki duk su zama ado. A cikin ramin zane akwai ɗan tudu da anka sa a milimita 1.6. In haƙori ya zo daidai da shi, ta ƙare. Mai hankali ba ya shiga damina da ƙasa da milimita 3. Ruwan farko kuma ya fi santsi, don yana tayar da mai da ƙurar da sunka taru tun rani.

In biyu kawai za ka iya saye wa ƙaramar mota, sababbin su tafi baya. Na san direbobi da yawa gaba suke sawa. Amma in gaba ya zame direba yana ji a hannunsa ya gyara, in baya ya zame mota juyawa take. Babbar mota kuwa, irin Kanta da gingimari, kada a sa mata mai faci ko mai kwaskwarima a gaba. A kiyayi suɗaɗɗiyar taya da anka sake yanka mata zane da wuƙa. In ba babbar taya ce da anka rubuta wa Regroovable ba, an yanka ne har kusa da zare.

Masu shiga hanyoyin burji da na fadama, wajen Kimba da Sabiyal da Andarai da Mungadi, suna buƙatar haƙori mai kauri mai tazara, wanda ke tofar da laka. Sai dai a kwalta yana kuka, yana shan mai. Mai mota ɗaya ya nemi matsakaiciya mai alamar A/T. Kowa ya tuna ambaliyar 2020 a Kabi ya san babu tayar da ke maganin ruwan da ya rufe kwalbati. Wanga sai haƙuri a jira.

Fasali na biyar: wili

Wilin ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa yake, a buga a miƙe a ci gaba. Na alminiyam ya fi kyan gani, amma tsagewa yake, kuma walda a kansa ba abin dogaro ba ne. Samari na son babban wili da siririyar taya. Wannan na titin birni ne. Gefen taya mai tsayi shi ke shanye dukan rami, in ya gajarta sai ta yi ƙari ko wili ya karye. Tayar da ta yi ƙari a gefe zarenta ya tsinke, ba ta da faci. Ramukan noti su dace da motar ba tare da tilas ba, kuma bayan an ɗaura a sake ɗaure noti in an yi kamar kilomita 50. Safaya ma taya ce, a auna ta, a raba ta da rana da man gas.

Kammalawa

Turawa canji biyu suke yi a shekara, mu duba biyu ya kamace mu. Na farko cikin Fabrairu, kafin zafi da lodin albasa: a duba shekara, da tsagewar gefe, da ƙari. Na biyu cikin Mayu, kafin ruwa ya sauka: a duba zurfin zane. Kuɗin taya a ware shi tun da kaka, lokacin da hannu ke da maiƙo.

Mu ƙaddara gwanjo rabin kuɗin sabuwa ce. In ta yi sulusin kwanan sabuwa, ka saya sau uku, ka biya ɗaya da rabi, ban da kwanan hanya da ɓarnar kaya. Araha ba ta ado. Wanda hali ya tilasta masa gwanjo, ya sa a buɗe ya ga cikinta, ya karanta shekara, ya guji mai hoton dutse.

Ku dillalai masu haɗa mai kaya da mota, ku zagaya ku ga ƙafafunta kafin a sa buhun farko, amanar da anka ba ku ta kai har can. Ku masu sayar da taya, kun san hukuncin ɓoye aibin kaya, balle aibin da ke ɗauke da rayuka. Mai saye kuma, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida lafiya, ya sa albarka a nema. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga ɗan'uwanku mai sayar da hatsi a Jega.