Waya biyu da turke guda: yadda ake haɗa ma'auni da na'urar lambobi

A shekarar 1974, bayan farin da ya ci dabbobi da amfanin gona, ƙasashen ƙungiyar CILSS suka kafa cibiyar AGRHYMET a birnin Yamai, domin bin sawun ruwa da yanayi, da horar da ma'aikatan da ke kula da kayan awo. A yau tashoshin yanayi da yawa suna yin awo da kansu dare da rana. Sai dai gaskiyar lambar da ke isa ofis, wadda da ita ake ba manoma shawara, tana rataye ga ƴar wayar da ke tsakanin ma'auni da na'urar da ke juya awo zuwa lambobi.

Dalili kuwa shi ne ƙanƙantar kuran ɗin da ma'auni ke bayarwa. Ma'aunin hasken rana, ko da tsakar rana lokacin bazara, abin da yake fitarwa bai wuce wajen milibolt 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda, alhali kuwa kuran na gida bolt 220 ne, mai kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa. Duk wayar da ta ratsa kusa da shi, ko kusa da inji, takan kwashi parazit. Milibolt guda na parazit ya isa ya ɓata awon da kashi goma cikin ɗari.

Don haka ne ake amfani da na'ura mai ƙofa biyu, wadda ke auna bambancin da ke tsakanin wayoyi biyu kaɗai. Misalinta sikeli ne mai faranti biyu: in ƙura ta sauka daidai wa daida kan farantan, awo bai canzawa. Amma wajibi ne ƙurar ta zo daidai. Shi ya sa ake murɗe wayoyin biyu kamar igiya, don kowace ta sami rabonta na parazit, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881 saboda tarho.

Sharaɗi na biyu ya shafi rigar ƙarfen da ke lulluɓe da wayoyin. Gefe guda kawai ake haɗa ta da ƙasa, galibi wajen na'urar. Sanduna biyu da aka kafa nesa da juna ba su cika zama kan matsayi ɗaya ba, in kuwa aka haɗa rigar da su duka, kuran zai malala cikinta kamar ruwa daga tudu zuwa kwari, abin da aka sa don tsaro ya koma mai kawo ɓarna.

Sharaɗi na uku shi ne turke. Ma'aunin da bai taɓa ƙasa ta ko'ina kamar dabba ce da aka saki: matsayin wayoyinsa yakan yi ta yawo har ya fita iyakar da na'urar ke iya karantawa, lambobi su shiga tsalle. Maganinsa rezistans ce ta om 10.000 zuwa 100.000, tsakanin ƙofar ragi da ƙasar na'urar. In kuwa ma'aunin yana haɗe da ƙasa tun daga mazauninsa, ba a ƙara masa wani turke.

Ƙasar Sahel tana da nata hali. Rairayi busasshe bai ɗaukar kuran sosai, saboda haka sandar jan ƙarfen da ta yi aiki da damina tana iya kasawa da rani. Ya kamata a kafa ta da zurfi, a riƙa duba mahaɗinta saboda tsatsa, musamman kafin hadarin farko.

A ƙarshe, akwai gwaji mai sauƙi: a kife wa ma'aunin hasken murfi mai duhu, a ɗan dakata. Lamba ta sauka kusa da sifiri ta tsaya, aiki ya yi kyau. In tana rawa, a koma ga waya tun kafin a zargi na'ura. Tashar da ta yi shiru kowa ya san ta lalace, amma mai ba da lambar ƙarya sai ta ɓatar da masana har da manoma. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.