Wa Ke Duba Malamar Asibiti?

Duk inda mata suka haɗu, gidan suna ko gidan biki, da wuya a watse ba a taɓo malaman asibiti ba. Wannan ta ce an daka mata tsawa tana kan gwiwa, waccan ta ce nas ko kallon arziki ba ta yi mata ba. Koken gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai goyi bayan wulaƙanta mace mai naƙuda. Amma yarinyar da ta shiga makarantar ungozoma da ɗokin taimakon mata 'yan uwanta ba haka ta fara ba. Wani abu ne ya same ta a hanya.

A duba aikin dare a ɗakin haihuwa na asibitin wata ƙaramar hukuma. Ungozoma ɗaya ce, sai mai taimaka mata. Ƙarfe biyu aka shigo da mace a a-daidaita-sahu, ta kwana biyu tana naƙuda a gida, jini na zuba. An ɗauke wuta, ungozomar ta ciji wayarta da haƙori tana haskawa don hannayenta biyu na cikin aiki. Babu jini a ajiye, an tura miji neman wanda zai bayar. Kafin ya dawo rai ya yi halinsa. Ita za ta ja zane ta rufe mamaciyar, ita za ta fita baranda ta gaya wa uwar, sannan ta wanke hannu ta nufi gado na gaba, inda wata ke kiran "Sista, ki taimake ni don Allah." Da safe a rubuta abin da ya faru a littafi, ta miƙa aiki, ta tafi gida ta tarar da girki da yara.

Idan irin wannan dare ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, zuciya kan nemo wa kanta mafaka: sai ta daina ji. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan gajiya cikin kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Ta ce alamunta uku ne: ƙarfin mutum ya ƙare ƙarƙaf, ya riƙa jin ya yi nisa da aikinsa har ya tsane shi, sannan ƙwazonsa ya ragu. Alama ta biyun ita ce muke gani a fuskar nas muke kira rashin mutunci.

Ga kuma tsoro, wanda a Arewa ba zato ba ne. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe masu rigakafin shan inna tara a Kano. A 2018 aka sace ungozomomi Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman a Rann ta jihar Borno, aka kashe su kafin shekarar ta ƙare. A farkon 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga korona ta biyo baya. Duk tsawon lokacin nan, alawus ɗin haɗari da gwamnatin tarayya ke bai wa ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara. Waɗanda suka samu hanya sun tafi Ingila da Saudiyya, aikinsu ya hau kan waɗanda suka rage.

Abin da muka saba ba su shi ne, "Ki yi haƙuri, ladanki na wurin Allah." Magana ce mai kyau, da yawansu ma ita ke riƙe da su. Laifin shi ne shugaban asibiti ko kwamishina ya fake da ita. Wadda ta yi dare biyar a jere barci take buƙata, da jadawalin da zai ba ta hutu na gaskiya, da albashi a kan lokaci, da safar hannu da magani a ɗakin aiki, da mai gadin da zai tare fusataccen ɗan uwan mara lafiya kafin ya ɗaga mata hannu. In babu waɗannan, taron bita a otal kan yadda ake kwantar da hankali ɓata kuɗi ne kawai.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Bayan an rasa mara lafiya, babbar nas ta ja ƙaramar gefe, ta ba ta ruwa, ta ce, "'Yata, zauna ki huta, na karɓe ki na minti talatin." Jagoran taimakon gaggawa na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 a kan haka ya ginu: a lura da mutum, a saurare shi, a haɗa shi da taimakon da yake buƙata. Ya kuma yi gargaɗi kada a matsa wa wanda ya ga tashin hankali sai ya ba da labari dalla-dalla. In ya so magana a ji shi, in ya yi shiru a zauna da shi.

Wani lokaci abin ya wuce nan. Barci ya ƙaurace makonni, mugun mafarki ya yi ta dawowa, ko ma'aikaci ya fara yi wa kansa allurar kashe zafi, tun da maganin na kusa da hannunsa. Nan likitan ƙwaƙwalwa ake nema, kuma nan gizo ke saƙar. Likitocin wannan fanni a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Sunayen asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware da Barnawa kuwa sun zama abin tsokana a bakinmu, nas na tsoron a gan ta can a ce ta taɓu, a daina yarda da allurarta. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa mai irin wannan lalura wariya. Saura a ga aikinta a cikin asibitocin kansu.

Mai jinya a gida ma ma'aikaciya ce, sai dai ba ta da albashi ba ta da ranar hutu. Tsoho ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'ya maza na Abuja da Legas suna turo kuɗin magani, amma juya shi cikin dare, da wanke shimfiɗa, da ba shi kunu cokali-cokali, duk yana kan 'ya ɗaya ko matar ɗa. Masu dubiya su cika ɗaki suna "Ya mai jiki?", ita kuwa a aike ta kawo musu ruwa. Dangin da ke son ta ɗore sai su raba kwanan jinya a tsakaninsu, a rubuta wa kowa ranarsa, har da mazan, ta samu ko dare biyu a mako ta kwana a ɗakinta.