Ƙotar Takobin Japan da Ƙusarta ta Gora

In ana zancen takobi yawanci ruwansa ake yabo, watau kaifi da ƙyalli. Amma kome kyaun ruwa, in ƙota ta saki mai takobi ya halaka. Maƙeran ƙasar Japan sun daɗe da gane wannan, sai dai dabarar da suka yi abar mamaki ce, gama ɗan guntun gora ne kurum ke riƙe da takobin duka.

Ga yadda aikin yake. Ƙarfen takobi yana da wutsiya wadda ba a wasawa, an huda ta. Sai a sassaƙa itace biyu na wata bishiya da suke kira honoki, a rarake cikinsu daidai da wutsiyar nan, a manne su da dafaffiyar shinkafa da aka murje ta yi danƙo. Sa'an nan a lulluɓe itacen da fatar wani kifin teku mai faɗi kamar faifai. Fatar nan tana da ƙuraje masu tauri, in ta bushe kuwa sai ta ɗaure itacen tamau, ba ya tsagewa. Bisa gare ta ake naɗa igiyar alharini ko ta auduga, ana gicciya ta. Ƙurajen su hana igiya zamewa, igiya kuma ta sha gumin hannu.

Daga ƙarshe a zura ƙusar gora, mekugi ke nan da harshensu, ta ratsa itace da hudar wutsiya. To, don me ba a yi ta da ƙarfe ba? Dalili kuwa shi ne ƙarfe in ya gaji da duka yakan karye farat ɗaya, ruwan takobi ya fice ya tafi abinsa. Gora kuwa zare-zare ne a cikinsa. Ko ya tsage, zaren nan yakan riƙe na ɗan lokaci, har mai shi ya ji ƙota ta fara girgiɗi. An fi son goran da ya shekara da shekaru a rufin ɗaki yana shan hayaƙin murhu, don ya fi ƙwari.

Har ila yau ƙusar tana da wani amfani. In aka ƙwanƙwasa ta ta fita, sai a zare ƙota a ga wutsiya tsirara, inda maƙeri ya zana sunansa, wani lokaci har da shekarar ƙira. Masana ba sa yarda a goge tsatsar da ke wurin, domin launinta na taimaka musu su ƙiyasta tsufan takobi. Bayan yaƙin da ya ƙare a 1945 sojojin Amurka sun kwashi takubba masu yawa zuwa gida, kuma akwai waɗanda suka kankare tsatsar nan da nufin gyara, darajar takobin ta faɗi warwas.