Ko Kun Sani? Kan Sarkin Fam 25 na Arewa

A 1904 Turawan mulkin mallaka suka fitar wa Arewacin Najeriya kan sarki na fam 25 mai hoton Sarki Edward na Bakwai. Yau ya yi wuyar samu, kuma irin wannan kaya ne 'yan damfara ke yi wa jabu. Ƙungiyar masu tara kan sarki ta Royal Philatelic Society da ke Landan tana da kwamitin ƙwararru tun 1894. Sukan duba tawada, haƙoran gefe da tambarin da ke ɓoye cikin takarda, sannan su ba da shaidar inganci. In kun tsinci tsohuwar wasiƙa a adakar kaka, kada ku ɓamɓare kan sarkin, ku fara nuna wa masana.