Yadda ake saita adireshin IP da katangar tsaro a rautar Wi-Fi

A Samaru, unguwar Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma Sabon Garin Zariya, akwai shagunan buga takardu da gidajen hayar ɗalibai da ke raba intanet ɗaya ga wayoyi masu yawa. Wani lokaci waya kan nuna ta kama Wi-Fi amma shafi ya ƙi buɗewa, alhali akwai data. Sau da yawa laifin yana cikin saitin rauta.

Kowace rauta tana da ɓangare biyu: WAN, wanda ke karɓar intanet daga modem na MTN, Airtel ko Starlink, da LAN, wanda ke raba wa wayoyi da kwamfutoci. Bai kamata ɓangarorin biyu su kasance a rukunin adireshi ɗaya ba. Rautar Starlink tana amfani da 192.168.1.1, kuma rautoci da dama da wannan lambar suke fitowa daga kamfani. Idan aka haɗa irin waɗannan biyun, rauta ba za ta iya bambance ciki da waje ba. Mafita ita ce a mayar da LAN zuwa wata lamba, kamar 192.168.10.1 tare da 255.255.255.0, wanda ke samar da adireshi 254.

Daga nan sai DHCP, mai raba wa wayoyi adireshi kai tsaye. Ana iya ware masa daga 192.168.10.50 zuwa 192.168.10.200, a bar lambobin ƙasa ga firinta da kyamarar tsaro, domin kada adireshinsu ya riƙa canzawa.

Dole kuma rauta ta san hanyar fita. A MikroTik, wadda ake shigarta ta manhajar WinBox ko ta 192.168.88.1 idan sabuwa ce, hanyar 0.0.0.0/0 ita ce ke tura duk saƙon da ba na cikin gida ba zuwa adireshin modem. Sai a kunna NAT, wanda ke fitar da dukkan wayoyin da adireshi ɗaya. Idan babu shi, amsar da ake jira daga waje ba za ta san hanyar dawowa ba. A gurbin DNS ana iya sanya 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Katangar tsaro tana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, ta yi aiki da ta farko da ta dace. Don haka a fara da dokar da ke karɓar amsar haɗin da aka buɗe daga ciki, a rufe da mai watsar da duk abin da ya shigo ta WAN ba tare da an nema ba. A 2018, masu kutse sun bi ta wani rauni a WinBox, mai amfani da ƙofa ta 8291, suka mamaye rautocin MikroTik kimanin 200,000, akasari a Brazil.

Mai shago ya ware wa kwastomomi rukuni daban, kamar 192.168.20.1, ya hana su isa ga kwamfutar da takardun mutane ke ciki. Ya sanya kalmar sirri mai ƙarfi, ya sabunta manhajar rauta, ya adana kwafin saitin. Kafin taɓa dokokin katanga, ya danna Safe Mode a WinBox: idan haɗi ya yanke, rauta za ta soke canje-canjen da kanta.