Ina Ruwan Adar Yake Tafiya Bayan An Ɗauke?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin duwatsun Keita a watan Agusta ya san yadda abin yake. Hadari ya haɗo, a tsuge da ruwa na sa'a guda, kafin ka ankara ƙorama ta cika ta batse, ruwan ja wur kamar an dama jar ƙasa. Washegari ka dawo, sai yashi da karikitan itace. A lissafin masana, milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Ke nan ruwan milimita 30 a gona mai hekta ɗaya lita 300,000 ne, wato ganga 1,500 masu cin lita 200. Birnin Tahoua kuwa bai cika samun fiye da milimita 400 a shekara ba. Nawa ne daga ciki ke shiga ƙasa, nawa rana ke shanyewa, nawa ke gudu? Amsa wannan tambaya shi ne aikin masanin kimiyyar ruwa, kuma akwai malaman jami'a da ke ƙare rayuwarsu a kanta.

A ƙasashen sanyi aka fara wannan bincike, inda dusar ƙanƙara take zama rumbun ruwa. Tana taruwa a kan duwatsu lokacin hunturu, ta narke a hankali idan zafi ya shigo, inuwar daji kuma ta rage saurin narkewarta. A 1910, a Wagon Wheel Gap da ke jihar Kolorado ta Amurka, masu bincike sun zaɓi kwari biyu maƙwabta, suka yi ta auna ruwansu. A 1919 suka sare itatuwan ɗaya, suka bar ɗayan, suka ci gaba da awo har 1926. Sai ga shi ruwan da ke fita daga kwarin da aka sare ya ƙaru, domin itace ma mashayin ruwa ne. Shekara 16 aka kwashe kafin a samu wannan amsa guda.

Adar ba ta da ƙanƙara. Rumbunta yana ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙofar rumbun ita ce fuskar gona. Idan ciyayi da itatuwa suka ƙare, ɗigon ruwa yakan daddaɓe ƙasa ta zama fako, ruwa ya riƙa zamewa a kai kamar a bayan ƙwarya. Shi ya sa bayan farin shekarun 1970 da 1980 masana suka ga abin mamaki a Sahel: ruwan sama ya ragu, amma ruwan ƙoramu ya ƙaru. A kewayen Yamai ma, masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa sun gano ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, saboda ruwan da ke gudu daga filayen da aka share yana taruwa a tafkuna, daga nan ya nutse. Rijiya ta samu, gona ta rasa.

To, itace abokin ruwa ne ko kishiyarsa? Wani bincike da aka yi a Saponé ta Burkina Faso, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa ruwa ya fi shiga ƙasa inda itatuwa suke jefi-jefi, ba cunkus ba, ba kuma fili fetal ba. Saiwoyi da ramukan gara suna buɗe wa ruwa hanya a kewayen itace, amma idan itatuwa suka yi yawa sai su shanye abin da suka shigar. Manomin Adar da ke barin gawo a gonarsa ya riga ya gane rabin wannan karatu. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya rabon ruwa da hatsi, saiwarsa kuma can ƙasa take nema.

Jihar Tahoua ta zama babban fagen gwajin wannan ilimi. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aikin Keita ya kankama da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO: aka jera duwatsu, aka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka gina madatsu, aka dasa itatuwa kimanin miliyan 18. Mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin a kansu, maza sun tafi cin rani. A 1989 wasu manoman Illela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo da dabarar tassa, ɗan rami da ake zuba wa taki ya tare ruwa a gindin shuka. Mai bincike Chris Reij ya ruwaito cewa a ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 14 cikin shekara goma.

Sai dai labari irin na Batodi yana buƙatar awo mai ɗorewa kafin a ce ga rabon tassa, ga rabon damina mai albarka. Aikin ba shi da armashi a ido: karanta ma'aunin ruwan sama kowace safiya, zura igiya a rijiya ɗaya kowane wata, shiga ƙorama a tsakiyar ambaliya a ɗebo ruwa a kwalba don a san yawan ƙasar da ta tafi. Masu ba da tallafi kan zo da shiri na shekara biyar su tafi, alhali ruwan ƙasa sai an bi shi shekara ashirin yake faɗin gaskiyarsa. Wanda zai iya wannan haƙuri shi ne ɗan gida.

Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana horar da masana ruwa da yanayi, ga Jami'ar Abdou Moumouni, ga kuma Jami'ar Djibo Hamani a cikin Tahoua kanta. Kira ga hukumomi shi ne su ware kuɗin awo na dindindin a kwarin Keita, Majiya da Badagishiri. Ku kuma ɗaliban Adar masu neman fannin da za su duƙufa a kai, ku dubi rijiyar garinku, ku fara rubuta zurfinta tun daga wannan rani.